Binciken da Aka Yi da Kuɗin Jama'a, Haƙƙin Jama'a Ne Su Karanta Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba kasafai ake jin maganarsa a wajen jami'o'i da cibiyoyin bincike ba, alhali kuwa ya shafi duk mai biyan haraji da duk mai zuwa asibiti neman magani. Al'amarin shi ne ƙa'idar da gwamnatoci da dama suka gindaya, cewa duk maƙalar ilimin da ta fito daga binciken da hukuma ta ɗauki nauyinsa dole ne a ajiye ta a inda kowa zai iya karanta ta kyauta ta intanet. Kyawun wannan ƙa'ida ba abin jayayya ba ne a wurina. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake cika ta, domin masu bincike da yawa sun ɗauka cewa cika ta na nufin biyan kamfanin ɗab'i dubban daloli, wasu kuma ba sa tunawa da ita sai lokacin rubuta rahoton tallafi ya zo, bayan sun riga sun sa hannu a takardar da ta raba su da ikon da suke da shi a kan rubutunsu.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda harkar take tafiya tun asali. Gwamnati ce ke biyan albashin mai bincike, ita ce ke sayen kayan aikinsa. Idan ya kammala, sai ya rubuta maƙala ya aika wa mujallar ilimi, mujallar ta miƙa ta ga wasu ƙwararru su tantance, kuma galibi ba a biyan waɗannan ƙwararru komai, domin su ma ma'aikatan jami'o'i ne da ke yin aikin a matsayin hidima ga fanninsu. Idan an amince da maƙalar, marubucin ya sa hannu ya mallaka wa kamfanin haƙƙin mallakarta, daga nan sai ɗakin karatun jami'arsa ya koma ya sayi izinin karanta ta da kuɗi masu yawa a kowace shekara. Wanda ba ya cikin jami'a mai ƙarfin biya kuwa, likita ne ko malamin makaranta ko injiniya, sai ya ga taƙaitaccen bayanin maƙalar kawai, a ce masa ya biya kafin ya ga sauran. Wani nazari da Vincent Larivière da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna cewa manyan kamfanoni biyar kaɗai ne suka buga fiye da rabin maƙalun da aka lissafa na shekarar 2013, saboda haka farashin yana hannun 'yan tsiraru.

Illar wannan tsari ta wuce batun kuɗi. A watan Afrilun 2015, Dakta Bernice Dahn, wadda a lokacin ita ce babbar jami'ar lafiya ta ƙasar Laberiya, ta rubuta tare da wasu abokan aikinta biyu a jaridar New York Times cewa sun gano wata maƙala da masana daga Turai suka wallafa tun 1982, wadda ta yi gargaɗin cewa ya kamata a sanya Laberiya cikin yankunan da ƙwayar cutar Ebola ke ciki. Jinin mutanen Laberiya aka gwada, amma babu ɗan Laberiya a cikin marubutan, kuma jami'an lafiyar ƙasar ba su san da maƙalar ba sai bayan annobar da ta ɓarke a 2014, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo. Ba na cewa buɗe maƙala guda zai hana annoba, domin raunin asibitoci da ƙarancin ma'aikata sun fi haka girma. Amma likitan da ya taɓa karanta cewa cutar na iya kasancewa a ƙasarsa zai fi saurin zarginta idan ya ga majiyyaci mai zazzaɓi da zubar jini, kuma a irin wannan cuta kwanaki kaɗan suna da nauyi ƙwarai.

Tarihin wannan ƙa'ida a Amurka yana da darasi babba ga duk mai son fahimtar dalilin da ya sa wasu ke bin ta wasu ba sa bi. Hukumar NIH, wadda ita ce babbar mai bayar da tallafin binciken lafiya a ƙasar, ta fara a 2005 da roƙon masu bincike su ajiye maƙalunsu a rumbun PubMed Central, wanda Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa ya buɗe tun shekarar 2000. Roƙo ne, ba tilas ba, kuma waɗanda suka amsa ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Sai majalisar dokoki ta mayar da shi doka a Disambar 2007, ya fara aiki a Afrilun 2008, da sharaɗin cewa a buɗe maƙalar ga jama'a cikin wata 12 da wallafa ta. Ko a nan ma ba a kai inda ake so ba, har sai da hukumar ta fara, daga 2013, jinkirta sakin kuɗin ci gaba da tallafi ga duk wanda maƙalunsa ba su cika sharaɗin ba. A 2018 Larivière da Cassidy Sugimoto sun duba maƙalu fiye da miliyan 1.3 da ke ƙarƙashin irin waɗannan ƙa'idoji, suka tarar kusan kashi biyu cikin uku ne a buɗe, amma bambancin da ke tsakanin masu bayar da tallafin yana da faɗi: na NIH da na gidauniyar Wellcome ta Birtaniya sun kai wajen kashi 90 cikin ɗari, yayin da na hukumar da ke tallafa wa binciken ilimin zamantakewa a Kanada bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Inda aka tanadi rumbun ajiya, aka sa ido, aka kuma haɗa bin ƙa'idar da sakin kuɗi, can ne ake bi. Inda aka rubuta ƙa'idar aka bar ta ga lamirin kowa, can ne ta zama rubutu a takarda kawai.

Daga baya abin ya faɗaɗa. A Fabrairun 2013 ofishin kimiyya da fasaha na Fadar White House, a ƙarƙashin John Holdren, ya umarci duk hukumar tarayya da ke kashe fiye da dala miliyan 100 a shekara kan bincike ta fito da irin wannan tsari, har yanzu da jinkirin wata 12. A ranar 25 ga Agustan 2022 kuma, Alondra Nelson ta fitar da sabon umarni daga wannan ofishi, wanda ya soke jinkirin baki ɗaya, ya haɗa da dukkan hukumomi manya da ƙanana, ya kuma ba su zuwa ƙarshen 2025 su aiwatar. NIH ma ba ta jira ƙarshen wa'adin ba, domin sabuwar ƙa'idarta ta hau kan duk maƙalar da mujalla ta amince da ita daga ranar 1 ga Yulin 2025. A Turai, gungun masu bayar da tallafi sun ƙaddamar da shirin Plan S, mai neman a buɗe maƙalu nan take, a 2018, ya fara aiki a 2021, hukumar UKRI mai bayar da tallafin bincike a Birtaniya kuma ta fara neman a buɗe maƙala nan take daga Afrilun 2022. Waɗannan sharuɗɗa suna bin kuɗin ne, ba ƙasar marubuci ba, saboda haka duk masanin da ya shiga aikin haɗin gwiwa da ke cin irin wannan tallafi, ko a wace nahiya yake zaune, sun hau kan maƙalar da aikin ya haifa.

To, mene ne ainihin abin da ake nema daga mai bincike? A nan ne ruɗanin yake, kuma a nan nake son in daɗe. Kowace maƙala tana da kwafi uku. Akwai wanda marubuci ya aika tun farko kafin a tantance. Akwai wanda ya gyara bisa shawarwarin masu tantancewa har edita ya ce ya amince, amma kamfani bai riga ya tsara shafukansa ya sa tambarinsa ba. Sannan akwai na ƙarshe, wanda ya fito a mujalla. Abin da NIH ke nema shi ne na tsakiyar nan, wato rubutun marubuci da aka amince da shi, kuma ilimin da ke cikinsa daidai yake da wanda ke cikin na mujalla. Ajiye shi a PubMed Central ba ya buƙatar biyan komai, kuma hukumar ta faɗi haka ƙarara. Har ma ta bayyana cewa idan kamfani ya nemi kuɗi don kawai ya bar marubuci ya ajiye wannan kwafi, ba za a cire kuɗin daga tallafinta ba. Duk da haka, saƙon da marubuci ke gani a shafin mujalla bayan an amince da maƙalarsa sau da yawa yana nuna masa hanyar biya ce a gaba, kuma mutumin da ya shafe shekara yana jiran wannan amsa ba ya cikin halin tsayawa ya yi gardama.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Lokacin da mujallar Nature ta buɗe hanyar biya a 2021, ta sa farashin maƙala guda a kan fiye da dala 11,000. A 2023 ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Amurka ta fito da cajin dala 2,500 ga marubucin da ke son ajiye kwafinsa da aka amince da shi ba tare da jinkiri ba. Ban musanta cewa aikin mujalla yana cin kuɗi ba. Editoci suna aiki, ana kula da kwamfutocin ajiya, ana binciken satar rubutu, kuma ƙananan ƙungiyoyin masana da yawa da ribar mujallarsu suke shirya taruka suna tallafa wa ɗalibai. Amma idan aka wayi gari hanyar cika ƙa'idar ita ce biya kaɗai, to an ɗauke shingen ne daga gaban mai karatu an dasa shi a gaban marubuci, kuma wanda zai fi shan wahala shi ne matashin masani mai ƙaramin tallafi da jami'ar da ba ta da asusun biyan irin waɗannan kuɗaɗe. Kuɗin da aka biya kuma daga jakar binciken yake fita, wato daga abin da za a sayi kayan gwaji ko a ɗauki ɗalibi aiki. Masu bayar da tallafi sun fara gane haka. Shirin tallafin bincike na Tarayyar Turai, Horizon Europe, ba ya mayar wa marubuci kuɗin da ya biya mujallar da ke karɓa ta fuska biyu, daga masu rajista da kuma daga marubuta, gidauniyar Gates kuma, ko da yake ba gwamnati ba ce, ta daina biyan kuɗin buga maƙala daga farkon 2025.

Saboda haka nake ganin cewa ba a ranar wallafa maƙala ake cika wannan ƙa'ida ba, tun ranar zaɓen mujalla ake cika ta ko a saɓa mata. Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. Kafin marubuci ya aika da rubutunsa, ya kamata ya karanta sharuɗɗan tallafinsa, ya karanta na mujallar, ya tabbata ba su ci karo ba, sannan ya sanar da edita a rubuce cewa aikin na ƙarƙashin ƙa'idar buɗewa ga jama'a. Doka tana bayansa a wannan. A Amurka, ƙa'idojin bayar da tallafi na tarayya sun daɗe da tanadin cewa hukuma tana riƙe da izini, wanda ba a biya kuma ba a sokewa, na bugawa da amfani da duk rubutun da kuɗinta ya samar domin bukatun gwamnati, kuma wannan izini ya riga duk wata yarjejeniya da marubuci zai ƙulla da kamfani. Malaman tsangayar fasaha da kimiyya ta Jami'ar Harvard sun ɗauki makamancin wannan mataki tun Fabrairun 2008, inda suka amince su bai wa jami'arsu izinin ajiye maƙalunsu a buɗe, masu shirin Plan S kuma suna neman marubuci ya ɗora lasisin CC BY, wanda ke ba kowa izinin amfani da rubutu da yaɗa shi muddin ya ambaci marubucin, a kan kwafinsa da aka amince da shi tun lokacin aikawa. Idan mujalla ta ce ba ta yarda ba, gara a ji tun da wuri a nemi wata, da a ji bayan an sa hannu a takardu biyu masu saɓa wa juna, ɗaya ta hukuma ɗaya ta kamfani.

Akwai kuma ƙananan kurakurai da ke hana maƙala cika sharaɗi ko da marubucin yana da kyakkyawar niyya. Wani yana ganin sunan maƙalarsa a PubMed sai ya ɗauka ya gama, alhali PubMed jerin sunaye ne da taƙaitattun bayanai, PubMed Central kuma shi ne rumbun cikakken rubutu, kuma lambar PMCID ta wannan rumbu ce ake nema a rahoto, ba lambar PMID ba. Wani ya ɗora maƙalar a shafinsa na jami'a ko a dandalin masu bincike na ResearchGate, abin da ba ya wadatarwa, domin ƙa'idar ta ambaci rumbun da take so. Wani ya ɗora rubutun a tsarin miƙa maƙalu na NIH, ya amince da shi karo na farko, amma bai koma ya amince da kwafin da aka tsara don intanet ba, sai maƙalar ta maƙale a tsakiya wata da watanni. Wani kuma ya dogara da cewa mujalla za ta ajiye a madadinsa, bai bincika ko mujallar tana da irin wannan yarjejeniya ba, ko kuma har yanzu tana aiki da tsohon jinkirin wata 12. Mafi yawan faruwa a ganina shi ne ɓacewar kwafin da aka amince da shi: ɗalibin da ya yi ta musayar wasiƙu da edita ya kammala karatu ya tafi, rubutun yana cikin kwamfutarsa, shugaban binciken kuma ba shi da komai sai na mujalla wanda ba shi da izinin ajiyewa. Nauyin kuwa a wuyan shugaban binciken da cibiyarsa yake, ko da sunansa ba ya cikin marubutan, muddin maƙalar daga tallafinsa ta fito. Idan marubuta sun fito daga ƙasashe daban-daban da tallafi daban-daban, sai a bi sharaɗin da ya fi tsauri, a kuma yanke tun farko wanda zai yi ajiyar.

Batun bayanan bincike ma ya shigo ciki. Tun 25 ga Janairun 2023 NIH ke neman kowane mai neman tallafi ya gabatar da tsarin yadda zai adana bayanansa ya kuma raba su. Wannan ya fi ajiye maƙala wuya, musamman idan bayanan na marasa lafiya ne, domin takardar neman yardar waɗanda za a yi bincike a kansu dole ta yi bayanin rabawar tun kafin a fara tattara komai, kuma sirrinsu yana gaba da bukatar kowane masani.

Ina so in ja kunne a kan wani tarko. Tun da aka fara maganar buɗe maƙalu, mujallun bogi suka yawaita, masu aiko da saƙon gayyata, su karɓi kuɗi su buga rubutu cikin 'yan kwanaki ba tare da tantancewa ta gaskiya ba. Mai binciken da ya faɗa hannunsu ya yi asara biyu, ta kuɗin jama'a da ta mutuncin aikinsa, kuma ba lalle ne ma ya cika sharaɗin hukuma ba. Jerin DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Sweden a 2003, yana taimakawa wajen tantance mujallun da ke buɗe na ƙwarai, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke cikinsa ba sa karɓar komai daga marubuci. Tsarin SciELO na buga mujallun ilimi a buɗe a intanet, da aka fara a Brazil a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa hukuma da jami'o'i za su iya ɗaukar nauyin mujallu kai tsaye, ba tare da mai karatu ko marubuci ya biya ba, kuma a ra'ayina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da manufar da aka kafa ƙa'idar dominta.

Bai kamata a bar wa mai bincike wannan nauyi shi kaɗai ba. Mutumin da aka horar a kan ƙwayoyin cuta ko ƙasar noma ba lauya ba ne, kuma takardar yarjejeniyar kamfanin ɗab'i lauyoyi ne suka rubuta ta. Jami'ar da ta karɓi tallafi ta karɓi sharuɗɗansa, don haka wajibinta ne ta naɗa ma'aikacin ɗakin karatu ko na ofishin bincike da zai duba yarjejeniya kafin a sa hannu, ya karɓi kwafin da aka amince da shi a ranar da edita ya amsa, ya bi shi har a samu lambar ajiya. Kwamitocin ƙarin girma ma suna da hannu a matsalar, domin muddin sunan mujalla ne ake aunawa maimakon ingancin aikin, matashin malami zai ci gaba da zaɓen mujalla mai tsada ko mai tsaurin sharaɗi, kuma ba shi da laifi sosai idan ya yi hakan don tsare aikinsa. Ƙasashe mambobin UNESCO sun amince da shawarar buɗe ilimin kimiyya a Nuwambar 2021, amma duk gwamnatin da ke son ta mayar da wannan shawara ƙa'ida sai ta tanadi rumbun ajiya mai ɗorewa da ma'aikatan da za su kula da shi, ta kuma bayyana abin da zai biyo bayan saɓawa, kamar yadda aka gani a tarihin NIH.

A ƙarshe ina da roƙo gare ku 'yan jarida. Idan kuka kawo labarin wani sabon bincike, ku riƙa faɗa wa masu karatu wanda ya ɗauki nauyinsa da inda za a samu cikakkiyar maƙalar. Idan kuma da kuɗin hukuma aka yi shi amma kuka tarar a rufe yake, ku tambayi shugaban binciken da jami'arsa dalili, ku buga amsar da suka bayar.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu